Yadda muka kawo Inna ziyara daga Kano zuwa Jidda: suna, kwanaki da tikiti

Zumunta a ƙafa take, amma idan uwa tana Kano, ɗa yana Jidda, goggo kuma tana Gadarif ta Sudan, ƙafar nan sai ta taka ta kan takarda. Tun da aka fara karɓar kuɗin zaman iyali a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum, aka yi ta ƙari har ya tsaya a riyal 400 a 2020, baƙi da yawa masu igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, suka mayar da mata da yara gida. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu riyal 2,000 zai ajiye duk wata, kafin a zo maganar haya da cefane. Shi ya sa bizar ziyarar iyali, wadda a nan muke ce wa ziyara kawai, ta zama igiyar da ke riƙe da gidaje da dama. Ga yadda muka bi muka kawo Inna. Kusan duk wanda ka ji yana kuka da wannan hidima, a ɗayan wurare uku ya yi tuntuɓe: suna, lissafin kwanaki, ko sayen tikiti kafin lokacinsa.

Mai nema dole ya zama yana da igama mai rai, kuma a ce saura aƙalla wata uku kafin ta ƙare. Wanda ba shi da igama ba shi da ƙofar shiga wannan tsari, ko shekara nawa ya yi a Makka. Sana'ar da aka rubuta a igamar ma tana da tasiri. Masu igamar aikin gida ko direban gida sun fi kowa ganin an dawo musu da buƙata.

Sai batun wa za a kawo, kuma a nan ne zumuncinmu da takarda suke raba hanya. A wurinmu kishiyar uwa uwa ce, ƙanwar uwa uwa ce, goggon da ta karɓe ka tun ranar yaye ita ma uwa ce, wani ma bai san wata uwar ba sai ita. Takarda ba ta san wannan ba. Abin da ta sani shi ne uba, uwar da ta haifa, mata ko miji, da 'ya'ya. Surukai sukan samu shiga. Kada ka rubuta mariƙiyarka a gurbin mahaifiya don kana jin a zuciyarka ba ƙarya ka yi ba. Ranar da aka nemi shaida za a tsaya, kuma sunanka ne zai ɓaci a wurin hukuma, ba na ejan ba. Irin waɗannan iyaye hanyarsu ita ce bizar Umra ta hannun kamfani mai lasisi. Tun 2022 tana ba da kwana 90, kuma mai ita yana iya zuwa wasu garuruwan ban da Makka da Madina.

Ko uwar da ta haife ka ma, sai ka nuna. Ma'aikacin Saudiyya ya saba karanta suna kamar sarƙa: naka, na ubanka, na kakanka. Fasfon Najeriya ba ya tafiya haka. Wani sunan garinsu ne a gurbin sunan mahaifi, Gwarzo ko Bichi ko Ɗanbatta, domin haka malamin firamare ya rubuta. Uwa kuma, in sunan mahaifinta ne a fasfonta, babu kalma ko ɗaya da ta haɗa ta da ɗanta. Abin da ke ɗaure su shi ne takardar haihuwar ɗan, wadda ke ɗauke da sunan uwa. Babba wanda ba a yi masa ita yana yaro ba, hukumar ƙidaya ta ƙasa tana ba da takardar shaidar haihuwa a madadinta. Sai dai sunan uwar da ke cikinta dole ya yi daidai da na fasfonta harafi da harafi. Mu mun san Hauwa da Hauwa'u da Kulu mutum ɗaya ce, mun san Indo ita ce A'isha, Mamman shi ne Muhammadu. Kwamfuta ba ta da wannan wayon. A duba shekaru kuma. Tsofaffi da yawa an ba su 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, wannan ba laifi, muddin haka yake a kowace takarda. Matsalar ita ce shekarar da aka yanka musu da ka. In lissafi ya nuna uwa ta girmi ɗanta da shekara tara, ba wanda zai sa hannu.

Gyaran irin wannan daga lambar NIN ake fara shi, a hukumar katin ɗan ƙasa, domin yanzu fasfo daga can yake ɗauko bayanai. Wanda ya je ofishin shige da fice da suna dabam da na NIN, komowa zai yi. Daga 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000 a cikin Najeriya, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. In fasfon tsoho ne, ya zama yana da sauran wata shida ko fiye a ranar tafiya, da shafuka biyu da ba a buga komai a kai ba. Mu sai da muka ga hoton shafin bayanai na sabon fasfon Inna a waya, tas, ba mai hazo ba, sannan muka taɓa fom.

Ana cike buƙatar ne a shafin biza na Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, a shiga ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum: shafin ya nuna maka lamba, ka buɗe manhajar a wayarka ka taɓa irinta, ta ɗauki fuskarka. Bayanai da Larabci ake rubuta su, ban da sunan mai ziyara, wanda ake kwafowa da haruffan boko yadda yake a fasfo. Lambar fasfon Najeriya harafi ɗaya ce da alƙaluma takwas. In kana shakkar sifili ne ko harafin O, dubi layuka biyun nan na ƙasan shafin, su na'ura take karantawa. Akwai gurbin da ake zaɓar inda mai ziyara zai fito, wato ofishin jakadancin da zai buga bizar. Saudiyya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Mutane sukan danna Abuja don ita ce babban birni, alhali tsohuwa tana Kurna ko Fagge. In an riga an tura fom ba ya gyaruwa, sai dai a sake sabo daga farko. Don haka kafin ka danna turawa, ba wa wani ya karanta maka da babbar murya kana bin fasfon da yatsa.

Bayan turawa za a ba ka lambar buƙata. Ma'aikacin kamfani sai ya kai wa kafili, wato ubangidan da igamarsa ke ƙarƙashinsa, ko mai kula da ma'aikata, su tabbatar da ita ta gurfa, wato cibiyar 'yan kasuwa, ta intanet. Riyal 35 muka biya. Buƙatar da ba a tabbatar ba tana nan zaune, ba wanda zai duba ta, kuma da yawa masu cewa ma'aikata ta riƙe musu takarda mako uku, in ka bincika a teburin kamfaninsu take kwance. A tuna da bambancin hutu: nan Juma'a da Asabar, gida Asabar da Lahadi. Duk abin da ke buƙatar ofis a nan da ofis a can, kwana huɗu kacal kake da su a mako, Litinin zuwa Alhamis. Agogon nan kuma yana gaban na Kano da awa biyu.

In an amince, takardar biza za ta fito da lambarta. Wannan ba ita ce bizar ba tukuna, izini ne a je a nema. Ana tura ta gida tare da hoton igama da na fasfon mai gayyata. A can sai a kama rana a cibiyar Tasheer, mai karɓar takardun neman bizar Saudiyya, a je da fasfo, hoto mai farin bango, takardar haihuwar nan, ko takardar aure in mata ce, wadda akan so a fassara ta zuwa Larabci. A nan ake biyan kuɗin biza, daidai da riyal 300, da kuɗin hidimar cibiyar, da inshorar lafiya. Inshorar tana hawa da shekaru, ta tsohuwa ta ninka ta budurwa, kuma ta gaggawa ce, iyakarta riyal 100,000. Ba a yi ta don a zo a yi aikin ido ko a duba ciwon gwiwar da aka daɗe da shi ba. Wanda ya kawo mahaifiyarsa da niyyar asibiti ya tanadi kuɗinsa daban.

A Tasheer ake ɗaukar basma, wato zanen yatsu, kuma za a sake ɗauka a Jidda ranar sauka. Matanmu ba sa tafiya Makka ba ƙunshi, amma lalle mai duhu a kan yatsu yana hana na'ura karantawa, balle yatsun tsohuwa da wanki da daka suka riga suka side. Mun roƙi Inna ta bar ƙunshin sai ta iso, aka yi mata a nan.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, kawo kuɗi su fitar maka da biza cikin kwana biyu. Tambayi wace iri ce. A watan Nuwamban 2023 wani jirgi ya sauka Jidda daga Legas da Kano da fasinja 264, aka soke bizar 177 a filin jirgi, aka juya da su. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba ne don a samu nau'in bizar da ba ta shafe su ba. Yawancin irin waɗannan fasinjoji ba su san abin da aka rubuta da sunansu ba. Kowace biza tana da nau'inta a rubuce a jikinta, kuma ana iya duba ta a shafin ma'aikatar da lambar fasfo. Minti biyu ne.

Idan biza ta fito, ko an liƙa ta a fasfo ko an ba da ita a takarda mai lambar QR, akwai lambobi biyu da ake rikitawa. Ɗaya wa'adin bizar ne, wato zuwa yaushe za a iya shigowa da ita. Ɗayar tsawon zama ne, kwana nawa mutum zai yi bayan ya shigo. Mai biza ta shekara guda mai shiga da yawa ba shekara zai zauna ba, kwana 90 ne a kowace shiga. Mai shiga ɗaya kuma, abin da aka rubuta masa shi ne nasa, ko 30 ko 90, kuma wannan yana canjawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka kada ka yi aiki da abin da maƙwabcinka ya samu bara. Mu ranar sauka muke ɗauka kwana na ɗaya, ko da ƙarfe 11 na dare jirgi ya sauka, mu kuma bar ratar kwana uku a ƙarshe saboda jirgi yana iya ɗagawa. Kada a yi lissafi da wata, a yi da kwana. Watan Hijira 29 ne ko 30, na Miladiyya yana kai wa 31, kuma a tsakanin nan mutane suke faɗawa tara.

Sai yanzu maganar tikiti, ba kafin nan ba. Mun ga wanda ya saya tun ranar da ya cike fom don ya ga araha, biza ta makara da mako biyu, kuɗin canjin rana ya cinye arahar har ya ɗora.

Abin da ejan ya turo maka a waya iri biyu ne, kuma kamarsu ɗaya. Akwai ajiyar kujera, mai lamba ta haruffa da alƙaluma shida, wadda ke mutuwa da kanta in ba a biya ba. Akwai tikiti na gaske, mai alƙaluma 13. Ukun farko na kamfanin jirgin ne: 065 Saudia, 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways. In ba ka ga alƙaluma 13 ba, ba ka da tikiti, ko da takardar tana da tambari da hoton jirgi. Shiga shafin kamfanin da kanka, sa lambar nan mai shida da sunan ƙarshe na fasinja, ka ga an rubuta an tabbatar. Suna a tikiti ya bi fasfo, ba Hajiya, ba Alhaji, ba Malama. Kuma ya zama zuwa da dawowa, domin mai bizar ziyara ba a cika barinsa ya hau da tikitin zuwa kaɗai ba. In daga nan ka biya da katinka, duba sharaɗin kamfanin, wasu suna neman ganin katin da aka biya da shi a wurin awo, kai kuwa kana Jidda. Biya a ofishinsu ko ta SADAD, tsarin biyan kuɗi ta bankunan Saudiyya, yana kawar da wannan.

Jirgin da ke tashi kai tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kusan awa biyar yake yi. Mai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha yakan fi sauƙin kuɗi, amma tafiyar tana iya cin yini da dare. A ganina, ga tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Larabci kuma ita kaɗai ce, bambancin kuɗin bai kai wahalar ba. Araha ba ta ado. In dole sai an yada zango, to ya zama tikiti ɗaya ne tun daga Kano har Jidda, kaya su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nema mata wani. Tikiti biyu daban-daban da aka haɗa don a rage kuɗi, in na farko ya makara na biyu ya tafi, ba mai biyan ka. A nemi keken guragu tun wajen saye, ko aƙalla awa 48 kafin tashi, kyauta ne. WCHR na wadda ke iya hawa matakala amma doguwar tafiya ke ba ta wuya, WCHS na wadda ba ta iya matakala, WCHC na wadda sai an kai ta har kujera. Ko da Inna tana da ƙarfinta mun sa mata na farkon, domin mai tura keken shi ne ɗan jagora, shi zai bi da ita layin jawazat, wato jami'an shige da fice, har wurin ɗaukar kaya.

Tambayoyi uku ake yi kafin a biya: nawa ne canjin rana, nawa ne tarar wanda bai zo ba, kilo nawa aka yarda. Canjin rana ya fi muhimmanci, domin da wuya uwa ta zo ta koma ranar da aka sa tun farko. Kuma in za a canja, a canja kafin lokacin tashin jirgin. Wanda ya bari jirgi ya tashi ba shi, sauran tikitin gaba ɗaya yana iya rushewa. Farashi yana hawa a Ramadan, ya fi tsanani a goman ƙarshe, sai hutun Disamba. Bayan Hajji, cikin Muharram da Safar, yakan sauko.

Ga wani abu da ya sa mutane da yawa suka rasa jirgi. Tikiti ya ce Talata, ƙarfe 01:30. Wannan yana nufin a bar gida ranar Litinin bayan sallar isha'i. In ka ce wa mutanen gida “daren Talata”, malamin gidan zai fahimci daren da zai wayi gari Talata, yaran gidan kuma su fahimci Talata da dare, a yi ta musu har jirgi ya tashi. Faɗa musu ranar da za su fita daga gida da sallar da za su yi kafin su fita.

Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin a karɓe ta, sannan ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A karɓi katin a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, ba a hannun yaran bakin filin jirgi ba. Mai niyyar Umra ta haɗa da ta sanƙarau, ana kuma neman ta shan inna. Magungunan hawan jini da na suga su zauna a kwalinsu na asali, cikin jakar hannu, tare da takardar likita mai sunan da ke fasfo, a ƙirgo wanda zai kai har ranar komawa da ɗan ƙari. Tramadol, maganin tari mai kodin da magungunan barci ba abin wasa ba ne a nan. Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna, a bar shi a gida.

Kaya kuwa sai da muka yi zama na musamman a waya.

“Inna, goro fa ba ya shigowa.”

“Yo ko ƙwarya ɗaya? To kawunka na Shara Mansur me zan riƙa masa?”

“Ko ƙwaya ɗaya, Inna. Ki kawo masa kuka da daddawa, ya fi kewarsu.”

“To, Allah ya kyauta. Ƙasa ba goro.”

Hukumar alhazai ta Najeriya duk shekara sai ta ja kunne a kan goro, kuma duk shekara sai an samu wanda ya cusa shi cikin garin tuwo. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, mun sa an zuba su a leda mai nuna ciki, an rubuta sunan kowanne, suka wuce lafiya. Manja da man shanu kamfanonin jirgi ba sa so, in suka fashe sun ɓata kayan mutane. Yawancin manyan kamfanoni suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace, da ta hannu kilo 7, amma tikitin araha na wasu jaka ɗaya ne, a karanta. Kilo 46 ba ya nufin jaka ɗaya mai 30 da ɗaya mai 16, kowace da iyakarta, kuma babu jakar da ake karɓa in ta haura 32. Filin jirgin Jidda ba ya karɓar ƙunshin da aka ɗaure da igiya ko aka naɗe da zane, Ethiopian kuma ta hana jakar Ghana-must-go tun ƙarshen 2023. A sayi akwati.

Abin da ya fi goro haɗari shi ne saƙo. Da an ji Hajiya za ta Makka, gida zai cika da masu ɗan ƙulli a kai wa wane a Hindawiyya, a kai wa wance a Rusaifa, kuma tsohuwa ba ta iya cewa a'a. Sai a ɗora wa wani ƙane mai tsaurin ido wannan aiki: duk saƙon da ba a buɗe a gabansa ba, ba ya shiga akwati, na filin jirgi kuwa ko na waye ba a karɓa. Safarar ƙwaya hukuncinta a Saudiyya yana kai wa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar da aka liƙa wa sunanta a Kano ba da saninta ba, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta bayan an gano masu hannu a ciki. Don haka mai rakiya ya tsaya a wurin awo, ya ƙirga 'yan takardun kaya da aka manna mata. Jaka biyu, takarda biyu. Ya ɗauki hotonsu da na akwatunan ya turo.

Mun rubuta mata kati da Larabci, sunanta, lambar wayarmu biyu, da gajeren adireshin gida mai haruffa huɗu da alƙaluma huɗu, ta sa a jakar da ke rataye a wuyanta tare da fasfo da kwafin igama. In tana da niyyar wucewa Umra daga sauka, ta yi wanka ta shirya tun daga Kano, ta yi niyya idan an sanar da miƙati a jirgi. Mu mun zaɓi ta huta, muka kai ta Madina a jirgin ƙasa na Haramain, ta ɗauko harami daga Abyar Ali. Jirgin ƙasan yana da tasha a cikin Tasha ta 1 ta filin jirgin Jidda, amma jaka ɗaya yake ɗauka mai kilo 25, ba na ranar sauka da akwatuna biyu ba ne. Mai tarba ya duba tashar da jirgin zai sauka, domin Tasha ta 1 da ta Arewa da ta alhazai ba tafiyar ƙafa ba ce tsakaninsu, sai an zagaya da mota. Izinin shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake nema, a fara dubawa da wuri.

Da ta shigo za ta bayyana a Absher ɗin mai gayyata, wato manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, da lambar iyaka mai alƙaluma goma da ainihin ranar da zamanta zai ƙare. Wannan ranar ita ce gaskiya, ba lissafinka ba. Ƙarin kwanaki ma a Absher ake yi, idan saura kwana bakwai ko ƙasa da haka: a sabunta inshora tukuna, a jira ta hau tsarin, a biya riyal 100, sannan a danna. Wanda ya danna kafin inshora ta hau zai ga an ƙi, ya ɗauka an hana shi ne. Jimillar zaman ba ta wuce kwana 180. In ta zarce wa'adi, mai gayyata ne a ciki: tara tana kai wa riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kai wata shida, da tarhil, wato kora daga ƙasar, in baƙo ne.

Sai jarabawar da ta fi kowace, Hajji. Uwa ta zo a Sha'aban, ta yi azumi, ta ga Shawwal ya kama, sai 'yan'uwa su fara: ga ta ga Arfa, a mayar da ita? Bizar ziyara ba ta Hajji. A 2025 an hana masu ita shiga Makka ko zama a cikinta tun daga 1 ga Zulƙida, aka sa tarar riyal 20,000 ga wanda aka kama, har riyal 100,000 ga wanda ya nema masa bizar ko ya ɗauke shi ko ya ba shi masauki, da hana shigowa na shekara goma. Shekara goma ga mai shekara saba'in, kowa ya san abin da ake nufi. Gara ta koma, a biya mata kujera ta hukumar alhazai. Gab da Hajji ma akan tsaurara ba da bizar ziyarar kanta, don haka mai son azumi da mahaifiyarsa ya fara takardu tun Jimada.

Danginmu na Sudan, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno, da waɗanda suka bazu Gadarif da Kasala, matsalarsu dabam ce. Suna ba ya ba su wahala, fasfon Sudan suna huɗu yake jerawa, dangantaka a fili take. Hanya ce wahalarsu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 harkar tafiya ta koma Port Sudan, daga can jirgin sama zuwa Jidda kamar awa ɗaya ne, ko a hau jirgin ruwa daga Sawakin a kwana a teku, wanda ya fi ɗaukar kaya. Mai saya musu tikiti ya bar kwanaki tsakanin isowarsu Port Sudan da ranar tashi, domin tafiyar mota daga cikin ƙasa ba ta da tabbas. Inda ake cijewa shi ne gidan da ya haɗa fasfo biyu, uwa 'yar Sudan, ɗa da fasfon Najeriya. Nan sai an fassara takardar haihuwa, kuma rubutun sunan da Larabci ya dace da na fasfonta.

Ranar komawa, awo ne abin faɗa. Dabino, jallabiyoyi, turare, dardumar salla ta kowane jika, ga abin da 'yan'uwa na Makka za su kawo a daren ƙarshe. Mun sayi ɗan sikelin rataye muka auna a gida, abin da ya haura muka ba kamfanin jigilar kaya ya bi ta baya, ya fi arha nesa da kuɗin ƙarin kilo. Zamzam ba a sa shi cikin akwati, za a fitar da shi. Galan mai lita biyar da aka naɗe ake saya a filin jirgi, mutum ɗaya galan ɗaya, kuma a tambayi kamfanin jirgin tun da wuri ko yana ɗaukar wa mai bizar ziyara, domin wasu sai sun ga shaidar Umra ta Nusuk. Mun isa awa huɗu kafin tashi, muka sake tabbatar da keken guragu a wurin awo, muka tura wa Yaya hoton takardun kaya da lokacin sauka da agogon Kano. Washegari muka buɗe Absher muka ga an rubuta ta fita, muka ɗauki hoton shafin muka ajiye tare da kwafin tikitin, domin shi za a nema in wata rana tsarin ya nuna kamar tana nan.